Yadda tsohon mawaƙi zai dawo da waƙa guda bayan ya daɗe shiru

Kawu, in ka yi shekaru ba ka riƙe makirfo ba, kar ka faɗa sitidiyo kai tsaye. Fara gyaran murya tukun, kullum da safe ka ɗan rera a hankali, ka sha ruwan ɗumi da zuma, ka rage ihu a fada don murya ta tsufa tare da kai, mai kiɗa ya sauke maka sautin ƙasa kaɗan ba abin kunya ba ne.

Waƙa guda tak za ka fitar. Dubi Sade, mawaƙiyar Ingila mai salon waƙa da ake kira soul, da aka haifa a Ibadan, daga album ɗinta na 2000 ba ta sake fitar da album na sabbin waƙoƙi ba sai 2010, kuma waƙa ɗaya ta fara saki, da salon da aka san ta da shi. To kai ma kar ka kwaikwayi yaran TikTok, wallahi ba ya yi wa mai furfura kyau.

In an gama, gwada ta a ƙaramar waya da sifikar adaidaita, nan mutanen Maraɗi za su ji ta. Sai ka kai gidajen rediyo, ka ba masu tura waƙa na kasuwa, guntun amshin kuma ya shiga WhatsApp tun kwana uku kafin fitowa.