Kafa Tanti a Bakin Kogin Matan Fada na Argungu

Wanda aka ba tanti mai gado da fanka da banɗaki, a otal ya kwana, rufin yadi kawai aka sa masa. Kwanan daji, kai za ka kafa da hannunka.

In za ka kwana Argungu lokacin bikin kamun kifi, nemi tudu nesa da ruwa saboda sauro da raɓa. Share ƙaya, shimfiɗa leda kafin tabarma. Gajeren turke ba ya kama yashi; sassaƙa na itace mai taƙi biyu, ka kafa shi a karkace, kansa na kallon waje. Ƙofa ta ba arewa maso gabas baya, don daga can iskar hunturu take busowa. Kada a shiga da murhun gawayi ciki: gubarsa ba ta da wari, tana kashe mai barci.