Yadda Ake Warware Tambayoyin Lissafi a Jarrabawar WAEC da NECO

Duk ɗalibin da ke son shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi domin karanta aikin injiniya, kimiyyar kwamfuta ko aikin akanta, ya san cewa sai ya samu kiredit a lissafi, wato aƙalla C6. Abin da ya fi damuna shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa ba rashin sani ne ya kayar da su ba. Sun halarci darasi, sun haddace ƙa'idoji, wasu ma sun kai ga amsar da ta dace, amma sun rasa maki saboda ba su nuna wa mai duba takarda hanyar da suka bi ba.

Kafin komai, ya kamata ɗalibi ya san tsarin jarrabawar. A lissafin WAEC takarda biyu ake yi. Ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓin amsa, a cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu ita ce ta rubutun aiki, tambayoyi 13 a cikin awa biyu da rabi, kuma an raba ta gida biyu: sashen A yana da tambayoyi 5 waɗanda dole ne a amsa duka, da maki 40, sashen B kuma yana da tambayoyi 8 da za a zaɓi 5 daga ciki, da maki 60. Tsarin NECO ya ɗan bambanta wajen yawan tambayoyi, amma ita ma tana ba da maki ga hanyar aiki. Masu duba takarda suna ba da maki ne kashi-kashi: akwai na hanya, wanda ake samu idan an bi ƙa'idar da ta dace ko da an yi kuskure daga baya, akwai kuma na daidaiton amsa, wanda ba a bayar da shi sai hanyar ta yi kyau. Wanda ya rubuta amsa kaɗai ba tare da aiki ba yakan tashi da kaɗan ko ma babu komai, wanda kuma ya rubuta aikinsa dalla-dalla ya yi kuskuren tarawa a layin ƙarshe yakan tafi da mafi yawan makin.

Mataki na farko shi ne karanta tambaya sau biyu kafin a fara rubutu. A karatu na farko ɗalibi ya gane labarin, ya faɗa wa kansa da Hausa abin da ake nufi, domin tambayoyin suna zuwa ne da Turanci, kuma sau da yawa Turancin ne yake rikitar da shi tun kafin ya kai ga lambobi. A karatu na biyu ya ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku: abin da aka ba shi, abin da ake nema, da irin yadda ake son amsar, ko a gurbi biyu bayan ɗigo, ko a muhimman lambobi uku, ko a mita, ko a naira.

Mataki na biyu shi ne mayar da labari zuwa harshen aljabra, kuma a nan ne ya kamata a fi daɗewa ana atisaye. Mu ɗauka an ce wani ɗan kasuwa a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ya sayi buhun masara 3 da buhun gero 2 a kan ₦190,000, wani kuma ya sayi buhun masara 1 da buhun gero 4 a kan ₦180,000, a nemo kuɗin kowane buhu. Layin farko da ɗalibi zai rubuta shi ne bayanin haruffansa: x kuɗin buhun masara, y kuɗin buhun gero. Mutane da yawa suna tsallake wannan layi suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ne yake hana su ruɗewa a ƙarshe. Daga nan sai ya rubuta jimlar daidaito ta farko, 3x + 2y = 190,000, da ta biyu, x + 4y = 180,000, ya sa wa kowace lamba a gefe. Domin a kawar da x, sai a ninka jimla ta biyu sau 3, ta koma 3x + 12y = 540,000. Idan aka ɗebe ta farko daga wannan, abin da zai rage shi ne 10y = 350,000, saboda haka y = 35,000. A mayar da wannan cikin jimla ta biyu, x + 140,000 = 180,000, sai x ya zama 40,000. Aikin bai ƙare ba sai an gwada amsar a jimlar da ba a yi amfani da ita a ƙarshe ba: 3 sau 40,000 shi ne 120,000, 2 sau 35,000 shi ne 70,000, jimillarsu 190,000. Sannan a rufe da cikakkiyar magana, cewa buhun masara ₦40,000 ne, na gero ₦35,000.

Mataki na uku ya shafi duk tambayar da ta ambaci kusurwa, tsawo, nisa ko alkibla: a yi zane, ko da ba a nema ba. Idan aka ce mutum yana tsaye mita 20 daga gindin turken sadarwa, kuma kusurwar da ke tsakanin ƙasa da ƙololuwar turken digiri 60 ce, a nemo tsawon turken, sai a zana alwatika mai kusurwar digiri 90 a gindin turken, a rubuta 20 a kwance, a sa h, wato tsawon turken, a tsaye. Da zarar an ga zanen, za a gane cewa gefen da ke fuskantar kusurwa da gefen da ke maƙwabtaka da ita ake magana a kai, wato tan ce za ta yi aiki: tan 60° = h/20, saboda haka h = 20 × 1.732 = 34.64, wanda ya zama mita 34.6 a muhimman lambobi uku. A nan akwai tarkon da yake cin ɗalibai masu ƙoƙari ma. Wanda ya gajarta 1.732 zuwa 1.7 tun daga farko zai samu 34, kuma ya rasa makin amsa duk da cewa hanyarsa daidai take. Ba a gajarta lamba sai a layin ƙarshe, kalkuleta kuma a tabbata tana kan digiri kafin a fara.

Mataki na huɗu shi ne auna amsa da hankali. Idan aka ce tsawon fili ya fi faɗinsa da mita 5, girman filin kuma murabba'in mita 84 ne, za a ɗauki x a matsayin faɗin, a rubuta x(x + 5) = 84, a buɗe ta zama x² + 5x − 84 = 0, a warware ta zuwa (x + 12)(x − 7) = 0. Amsoshi biyu ne suka fito, 7 da −12, amma babu filin da faɗinsa ya gaza sifili, don haka ɗalibi ya rubuta a fili cewa ya yi watsi da −12, faɗi mita 7 ne, tsawo 12. Haka nan idan amsar tambayar yiwuwa ta wuce 1, ko shekarun ɗa suka fi na mahaifinsa, akwai kuskure a baya, a koma a nemo shi.

Maganar lokaci ba ta da wuya. A takarda ta biyu minti 150 ne ga tambayoyi 10 da za a amsa, saboda haka a ba kowace tambayar sashen A kimanin minti 10, kowace ta sashen B kimanin minti 17, abin da ya rage a karanta takarda da farko a kuma duba aiki a ƙarshe. A sashen B a karanta duka takwas ɗin kafin a zaɓa. Ina ba ɗalibai shawarar kada su guji tambayar giraf da ta ƙididdiga, domin makinsu a rarrabe yake, teburi da nasa, ma'auni da nasa, zane da nasa, matuƙar an riƙe rula da fensir mai tsini an kuma bi ma'aunin da aka bayar. A takardar zaɓi kuwa, inda ba a kai minti biyu ga kowace tambaya ba, sau da yawa ya fi sauri a ɗauki amsoshin da aka jera a gwada su cikin tambayar.

Saura bayani, wanda shi ne gwajin fahimta na gaskiya. Ɗalibai uku ko huɗu su haɗu bayan la'asar da tambayoyin shekarun baya, ɗaya ya tashi gaban allo ya warware, sauran su riƙa tambayarsa dalilin kowane layi: me ya sa ka ninka sau 3, me ya sa ka zaɓi tan? Duk layin da ya kasa kare shi da baki, nan ne raunin yake, kuma shi za a kai wa malam washegari. Ga malamai kuma roƙona shi ne su rage rubuta cikakkiyar amsa a allo ɗalibai suna kwafa. Ya fi amfani malam ya tsaya bayan layin farko ya tambayi aji abin da zai biyo baya, ya kuma duba aikin gida da irin rabon makin da hukumar jarrabawa take yi, ta yadda yarinyar da ta samu hanya daidai amma ta kuskure a tarawa za ta ga maki 6 cikin 8 a littafinta, da jan layi a ƙarƙashin ainihin wurin da ta kauce.