Yadda Ake Zaɓen Gari Mai Sanyi Kafin a Kwashe Iyali

Da zarar Maris ya kama, Sakkwato da Maiduguri da Gusau da Maraɗi sukan koma kwanan tsakar gida. Zafi ya haura digiri 40, fanka na hura iska mai ɗumi, ga sanƙarau na yawo. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa, musamman waɗanda suka yi ritaya ko masu sana'ar da ba ta ɗaure su wuri guda ba, suke fara shawarar komawa gari mai sanyi. Shawarar ba ta da laifi. Matsalar ita ce a wannan yanki namu sanyi da abubuwan more rayuwa ba safai suke haɗuwa a gari ɗaya ba, don haka dole mutum ya san nawa zai saki na wannan domin ya samu wancan.

Fara da tsayin gari

Abin da ke kawo sanyi a ƙasashenmu shi ne tudu. Duk hawan mita 1,000 sama da teku, zafi kan ragu da kimanin digiri 6. Da wannan lissafi kaɗai za ka tace garuruwa da yawa kafin ka kashe ko kwabo a mota. Sakkwato da Maiduguri suna wajen mita 300, Kano kusan mita 500, Abuja tsakanin 400 da 500, Kaduna wajen 600, Zariya ta ɗara hakan kaɗan. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila kuwa, inda Gembu take, yana kai mita 1,600. Ka ga wanda ya tashi daga Kano ya koma Zariya bai hau ko mita 200 ba, ragin da zai samu daga tudu bai wuce digiri ɗaya ba. Wanda ya koma Jos ya hau mita 700, sannan ga ƙari: ruwa yana sauka da wuri a can, hadari yana tare rana tun cikin Afrilu. Shi ya sa ranar da Kano ke fama da digiri 39 ko 40, Jos takan tsaya wajen 30 zuwa 32, da dare kuma har ka ja mayafi.

Kada sunan jiha ya ruɗe ka. Shendam da Langtang da Wase duk a Filato suke, amma a ƙasan tudu, kuma zafinsu na gaske ne. Jalingo jiha ɗaya suke da Mambila, amma tana cikin kwarin Binuwai, bazararta ba ta da sauƙi.

Idan za ka duba alƙaluman yanayi, na hukumar NiMet ko na intanet, ka bar matsakaicin zafin shekara, ba ya gaya maka komai. Abu uku za ka nema: zafin rana a watan da ya fi zafi, zafin dare a wannan watan, da danshin iska. Na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin jiki yana jure rana mai zafi idan dare ya huce. Na ukun kuma shi ke fitar da Legas da Fatakwal daga lissafi. Da wuya su kai digiri 40, amma gumi ba ya bushewa a jiki dare da rana.

Garuruwan da ake zaɓa tsakaninsu

Jos ce ta fi kusa da haɗa abu biyun, wato sanyi da abubuwan more rayuwa. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da asibitin ƙwararru na jiha, da na Bingham da aka fi sani da Jankwano. Akwai Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, da makarantun kwana masu tsohon suna. Filin jirgin sama yana Heipang, kudu da gari, sai dai jiragen ba su da yawa kamar na Kano ko Abuja, mai yawan tafiya ya sa wannan a lissafi. Kayan lambu kuwa ba a magana: kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa, kuma Hausa ce harshen ciniki ko'ina. Ruwan sama yakan kai milimita 1,400 a shekara, wani lokaci da ƙanƙara, a Disamba da Janairu kuma sanyin dare kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa.

Gembu da Nguroje, duk a kan tsaunin Mambila, sun fi Jos sanyi nesa ba kusa ba. Ƙasa ce ta ciyawa da shanu da gonakin shayi na Kakara, damina mai tsawo, hazo da safe. Amma a nan ne cinikin yake tsada. Daga Jalingo sai ka shafe sa'o'i masu yawa ta Bali da Serti kafin ka fara hawan dutse mai lanƙwasa, kuma idan gada ta karye da damina tafiyar takan tsaya cak. Wuta galibi sai dai sola da janareta. Mai ciwon ƙoda da ke buƙatar wankin jini, ko mai ciwon zuciya, ko mace mai juna biyun da likita ya ce a sa mata ido, bai kamata a kai su can da zama ba. Mambila ta dace da mai lafiya, mai kiwo ko noma, wanda ba ya buƙatar gari kowane mako.

Zariya da Kaduna da Abuja suna ɗaya gefen. Asibitin koyarwa na Shika, Jami'ar Ahmadu Bello, jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja da ya fara aiki a 2016, duk suna nan. Abin da za su ba ka shi ne gajeriyar bazara, ba sanyi ba. Ga wanda ya fito daga Sakkwato ko Nguru wannan ma sauƙi ne, amma Maris a Abuja sai da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kuɗin haya zai cinye abin da kake ganin ka tsira da shi.

Mai alaƙa da Kamaru zai iya duba Ngaundere, wadda tsayinta ya yi kusa da na Jos. Akwai jami'a, akwai jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ana jin Fillanci da Hausa. Sai dai Kamaru ba ta cikin ECOWAS, zama na dindindin sai da takardar izini, kuma harkar ofis da yawancin makarantu a yankin da Faransanci ake yi.

Unguwa ta fi gari muhimmanci

Wannan ya fi shafar Jos, kuma ɓoye shi cutar mai karatu ne. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba zaman garin bisa addini a wurare da yawa. Musulmi sun fi yawa a Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare da Dilimi da gefen titin Bauchi da wani sashe na Bukuru. Kiristoci sun fi yawa a Tudun Wada da Unguwar Rukuba da Jenta. Akwai unguwannin da ake zaune a cakuɗe, irin su Rayfield da Daɗin Kowa. Yawancin kwanaki gari lafiya lau yake, ana ciniki tare. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: ranar da aka sa dokar hana fita, ko aka ji ƙishin-ƙishin, wace hanya ce tsakanin gidana da makarantar yara, da wurin aikina, da asibiti? Gida mai arha da zai sa yaranka su ratsa unguwanni uku kafin su kai makaranta ba arha ba ne. Haka nan ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu, inda sanyi ya fi kuma fili ya fi sauƙi, sun sha fama da hare-hare, har da na Disambar 2023. Baƙo kada ya fara da can. Mambila ma ta ga nata rikicin na fili da kiwo a 2017.

Ka tambayi mutum uku da ba su da riba a zuwanka: mai unguwa, limami ko fasto na wurin, da mai shago da ya daɗe a layin. Dillali la'adarsa yake nema.

Ka je sau biyu kafin ka yanke

Kuskuren da aka fi yi shi ne ziyara ɗaya a cikin Afrilu. Mutum ya fito daga wutar Kano, iskar Jos ta buge shi, kafin mako ya cika ya biya kuɗin fili. Ka koma a Agusta, tsakiyar marka, ka yi aƙalla mako guda a unguwar da kake so, ba a otal na wata unguwa ba. A lokacin ne za ka ga layin da mota ba ta shiga, da kwatar da ke ambaliya, da shanyar da ke kwana uku ba ta bushe ba. Ambaliyar Yulin 2012 ta kashe mutane da dama a Rikkos da Gangare, kuma gidajen bakin rafi ne suka tafi. Ziyarar Afrilu tana da nata amfani: lokacin ne rijiyoyi ke ƙafewa, sai ka leƙa rijiyar gidan da idonka, ka tambayi 'yan garuwa nawa suke sayar da jarka.

Shekarar farko haya za ka kama. Ana biyan shekara guda gaba, dillali kan ɗora kashi 10 cikin 100, wani wurin da kuɗin lauya. Idan daga baya za ka sayi fili, ka kai lambar takardar mallaka ma'aikatar filaye a bincika, kada ka tsaya ga takardar mai unguwa kaɗai. A kewayen Jos da Bukuru ka tambaya ko wurin tsohon ramin kuza ne aka cike. Irin wannan ƙasa takan zauna, gini ya tsage. Kududdufan kuza da ba a cike ba kuma suna da zurfi ƙwarai, ga mai ƙananan yara wannan dalili ne na barin gida komai kyansa.

Abin dubawa a cikin gidan

Gidan ƙasar sanyi da na ƙasar zafi ba ɗaya ba ne. Ka duba ƙasan bango daga ciki: idan fenti ya kumbura ko ya yi baƙi-baƙi har tsayin gwiwa, danshi ne ke hawowa daga tushe, kuma sabon fenti ba ya maganinsa. Ka buɗe kabad ka shinshina. Ka ɗaga kai ka nemi zanen ruwa a silin. Taga mai gilashi jere-jere tana shigo da jaura da hunturu, tayil kuma sai ka shimfiɗa darduma. Ɗakin da rana ke shiga da hantsi shi za a ba tsofaffi da yara.

Maganar wuta, ka tambayi rukunin layin. A tsarin hukumar NERC mai kula da wutar lantarki, rukunin A alkawarinsa sa'o'i 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin rukunin A ya yi tsalle sosai. Alkawari daban, abin da ke zuwa daban, don haka ka tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai walda na layin, su suka san gaskiyar sa'o'in. Ka tabbatar gidan na da mitar kati kuma babu tsohon bashi a kanta. Mai niyyar sa sola ya yi lissafi da Agusta, ba da Fabrairu ba: ranar da hadari ya rufe sama, faifan sola zai iya ba da ƙasa da rabin abin da ya saba. Kuɗin sanyaya ɗaki zai fita daga wuyanka, amma na dafa ruwan wanka zai shigo. Hita ɗaya tana jan wat 1,500 ko fiye, ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba, gas ya fi sauƙi. Ko a madafa za a ji bambanci, domin a tsayin Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, wake da ganda sukan ƙara ɗaukar lokaci. Tukunyar matsi tana rage wannan asarar gas.

Rijiyar burtsatse a ƙasar dutse caca ce. Maƙwabcinka ya samu ruwa, kai a haƙa a tarar da fako. Kada a kawo injin haƙa sai masu awon ƙasa sun nuna wurin.

Lafiya da abin yi

Sanyi ba kowa yake yi wa daɗi ba. Yana tayar da ciwon mai sikila, yana matsa wa mai asma da mai ciwon gaɓoɓi. Idan akwai irinsu a gidan, a ga likitansu kafin a ɗaure kaya, a karɓi takardar bayanin jinyarsu domin sabon asibiti. Sauro yana nan a Jos, gidan sauro bai zama tarihi ba. Abu mafi haɗari kuma shi ne kaskon gawayi a ɗaki rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci mai nauyi, mutane su kwanta ba su tashi ba. A ɗumama ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Ka kuma auna sana'arka da yanayin. Mai sayar da ruwan sanyi, ƙanƙara, fanka ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki zai ga kasuwa ta ja baya. Kiwon kaji, kayan lambu, gwanjon rigunan sanyi da barguna suna tafiya. Ma'aikacin gwamnatin tarayya zai iya neman canjin wurin aiki, amma aikin jiha da tallafin karatu da wasu guraben makaranta suna bin takardar asalin ƙaramar hukuma, kuma zama a gari, ko na shekaru ne, ba ya ba da ita kai tsaye. Ka riƙe ta garinku, ka yi wa yara tasu tun kafin ku tashi.

Lokacin kwashe kaya mafi sauƙi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, sanyin hunturu bai kankama ba, jiki zai saba a hankali. Masu yara 'yan makaranta dole su bi zangon Satumba, to sai a nemi mota mai rufi ko a sa tamfol biyu, a naɗe katifu da leda. Idan ta Akwanga za a shiga Jos, a duba birki da ruwan lagireto kafin Hawan Kibo, kuma a tashi da asuba domin a sauke kaya da sauran rana.