Kafin ku kai yara kallon kifin wel a Boston

Hutun nan da na zo Gombe, ƙanwata da ke shirin bin mijinta karatu Boston ta Amurka ta zaunar da ni a tsakar gidanmu na Tudun Wada tana ta jero tambayoyi: kuɗin haya, makarantar yara, inda ake samun naman halal. Can ta ce, "To Yaya, ran da ba aiki ba makaranta, ina kuke kai su?" Na ce lokacin zafi na farko da za ku yi, ku tara kuɗi ku shiga jirgin ruwa ku je kallon wel. Sai dai kada ku fita irin fitar da muka yi.

Kifi muke ce masa, amma rayuwarsa irin ta ayu ce: da huhu yake numfashi, yana haihuwa, yana shayarwa. Wanda aka fi gani a can, mai doro, yakan kai mita 15, nauyinsa tan 30 ko fiye, wato giwayen Yankari biyar ko shida a haɗe. Duk giwan ruwan da masunta suka taɓa fitarwa a Dadin Kowa bai kai tsawon fiffikensa ɗaya ba.

Jiragen suna tashi daga Long Wharf. Ku hau jirgin ƙasa na layin shuɗi ku sauka a tashar Aquarium, gaɓar tana nan kusa. Mota kam ku bar ta gida, kuɗin ajiye ta kaɗai ya isa ya ɓata muku rai. Inda ake dosa shi ne Stellwagen Bank, wani tudu a ƙarƙashin teku, kusan kilomita 40 gabas da birnin, wanda gwamnatin Amurka ta killace tun 1992. Tudun yana sa ruwan ƙasa mai abinci ya taso sama, ƙananan kifaye su taru, wel ya biyo su. Da hunturu wel ɗin suna can tekun Karibiyan wajen haihuwa, don haka daga Mayu zuwa Oktoba aka fi dacewa da su. Zuwa da dawowa awa uku ne zuwa huɗu. Ku sayi tikiti ta intanet tun da wuri, na Asabar da Lahadi ba ya daɗewa, ku kuma tambaya ko suna ba da wani kyauta in ba a ga komai ba. Yawancinsu suna yi.

Mu a watan Agusta muka je. A gaɓa rana tana dukan mutum kamar a Tashar Dukku, sai muka fito a sake, ni da atamfa da ɗan mayafi, maigidan da shadda da hularsa zanna bukar da ya ci Sallah da ita. Ba mu yi rabin awa ba iska ta juya. Sanyin teku daban yake da hunturun gida, jiƙa ƙashi yake yi. Maigidan yana cikin ɗaukar hoto iska ta fizge hular, muna ji muna gani ta kama hanyar Turai. Har yau in na tuna masa sai ya haɗe rai. Don haka kowa da rigar sanyinsa, hijabi mai kama fuska, takalmi rufaffe mara santsi.

Sai jiri. Wanda bai taɓa wuce kwalekwalen fito ba bai san jikinsa ba tukuna. Maganin amai kafin a hau ake shansa, da kamar awa ɗaya, in zuciya ta riga ta tashi ya makara. Na yara ku tambayi mai kantin magani, don wani yana sa barci. Ku karya da abu mara maiƙo, ku riƙe alewar citta. Wanda ya ji ba daidai ba ya fito waje ya zuba ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Shiga banɗaki da duban waya ƙara shi suke yi.

Duk wannan mantawa za ku yi da zarar an rage gudun jirgi. Mu tsuntsaye muka fara gani, ɗaruruwa, suna shawagi wuri ɗaya. Sai ruwa ya yi kore, kumfa ta zana da'ira kamar an baza taru. Wel ɗin ne a ƙasa suke huro iska suna kewaye kifi. Kafin mu ankara biyu suka ɓullo ta tsakiya, baki buɗe, ruwa yana zuba ta gefe kamar ta rariya, don ba su da haƙora, tacewa suke yi. Da ɗaya ya fesar da numfashi sai wani ƙarni ya lulluɓe mu, ya fi na kasuwar kifi. Autata ta toshe hanci tana ihu, "Umma, bai yi asuwaki ba!" Da zai nutse ya ɗaga jela, mai bayanin jirgin ta faɗi sunansa. Ashe zanen fari da baƙi na ƙarƙashin jelar kowanne daban ne, da shi ake gane su shekara da shekaru. In da rabo za ku ga dolfin, ƙananan dangin wel, suna rige-rige da jirgi.

Ku zaɓi jirgin safe. Teku ta fi kwanciya, kuma za ku sauko Azahar ba ta fita ba, ku wuce babban masallacin Roxbury ko ku yi a gida. A jirgi akwai ɗan kanti, amma tsada gare shi, ana sayar da giya, naman da ke cikin burodinsu kuma sau da yawa na alade ne. Na ce wa ƙanwar tawa ta dafa ƙwai, ta soya cincin, ta tambaya ko ana barin shiga da abinci. Mijinta kuma ya bar hula a gida.