Kafin ka kwance bayan tsohuwar talabijin mai doro

Sai da na shekara biyu a shagon gyara kafin maigidana ya bari na taɓa talabijin mai kala. Ranar da na yi gaban kaina, na zare filogi na zura hannu, ji na yi kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu. Fizgewar da na yi ce ta sa ƙarfen ciki ya tsaga mini bayan hannu, tabon yana nan har yau.

Cire filogi ba ya fitar da wutar, kuma dalilin yana cikin ƙirar. Tun talabijin samfurin CT-100 da kamfanin RCA ya fitar a Amurka a 1954, mai inci 15 a kan dala 1,000, kwalbar mai kala, wato babban gilashin da ke nuna hoto, galibi bindigogi uku masu harba wuta gare ta, na ja da kore da shuɗi. Gabansu akwai farantin ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, wanda ke tare yawancin abin da suka harbo. Don hoto ya yi haske dole a ƙara ƙarfin wuta, shi ya sa waɗanda suka biyo baya ke kai kusan volt 25,000. Ita kanta kwalbar kafasita ce, wato ma'ajiyar wuta, tana iya riƙe caji kwana da kwanaki.

To, ka zare filogi, ka cire zobe da agogo, ka sa takalmin roba, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai a ɗaki. Nemi sukudireba mai mariƙin roba da waya mai maƙali. Maƙala baki ɗaya a ƙarfen sukudireban, ɗayan kuma a saƙaƙƙiyar wayar nan tsirara da ta zagaye bayan kwalbar. Hannu ɗaya a aljihu, maigidana ba ya wasa da wannan, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Sai ka zura bakin sukudireban a hankali ƙarƙashin faffaɗar robar da jar waya mai kauri ta shiga, har ya taɓa ƙarfe. Za ka ji ɗas! Jira minti ɗaya ka maimaita, domin caji kan dawo.

Ni dai na fi tsoron babban kafasitan da ke kusa da fiyus, mai riƙe sama da volt 300. Ba a haɗa ƙafafunsa da sukudireba. Ƙwan lantarki mai zare, na wat 60, za ka jona masa. Ya yi wal ya mutu, sannan ka auna kafasitan da mitar gwajin wuta.

Kada ka ɗauki kwalba ta wuya. Babu iska a cikinta, in ta fashe gilashi ciki yake rufta sannan ya watso, don haka tabarau dole ne. Maɓallan saita babbar wuta kuwa ka ƙyale su yadda ka same su: a 1967 sai da General Electric ya bi talabijin kusan 90,000 yana gyarawa saboda suna fitar da hasken eksire fiye da ƙima.

In kuwa launi ne kawai ya ɓaci a kusurwa ɗaya, ba sai ka kwance komai ba. Janye sifika daga gefenta, maganaɗisunta ne ya jawo, ka kashe talabijin ɗin rabin awa ka sake kunnawa.