Yadda ake rataye kan dabbar dawa mai nauyi a bango

Kan barewa, na gwanki ko na ɓauna da aka jeme fatarsa, aka ɗora ta a kan siffa, aka sa masa idanun gilashi, ba a rataye shi kamar agogon bango. Agogo lafewa yake yi, nauyinsa na sauka ƙasa kai tsaye. Shi kuwa kan dabba wuyansa da ƙahoninsa a gaba suke, suna rinjaya, suna fizgar ƙusar sama waje dare da rana. Shi ya sa ƙusar da za ta riƙe madubi mai kilo 15 lafiya lau za ta iya sakin kan gwanki mai kilo 10. Duk abin da za ka yi, wannan fizgar za ka riƙa tunawa.

Fara da sanin nauyinsa. Hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da shi, ka cire na farko daga na biyu. Kada ka yi kirdado da hannu, domin galibin siffofin zamani da wani soso mai tauri ake yin su, jikin ba nauyi, ƙahon ne ke ɗauke da kusan komai. Sai ka juya bayansa. Za ka ga allon katako da aka dasa a cikin siffar, da ƙarfen rataya a jikinsa. Girgiza ƙarfen. In yana motsi, ko katakon ya yi laushi, ko gara ta taɓa shi, gyaran nan ya riga komai.

Sai bango, wanda a nan yawancin mutane ke kuskure. Gidajenmu da bulo ake gina su, bulo kuma rami ne a cikinsa, fatarsa ba ta da kauri. Ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma kana saurare. Inda ya yi amo kamar ganga rami ne, inda sautin ya mutu nan ne tsakiyar bulon, ko ginshiƙin kankare, ko linta. Nan kake nema. Filastar da aka shafe bangon da ita kada ka lissafa ta, ba ta riƙe komai. Idan gidan irin na Amurka ne mai bangon allo, sai ka nemo sandunan katakon da ke bayan allon, waɗanda yawanci inci 16 ne tsakaninsu, dogon sukurun ya shige cikin katakon sosai. Ginin ƙasa kuwa, a ganina kada ma ka gwada. Kafa gungumen katako mai ƙarfi a jikin bangon tun daga ƙasa, ka rataya a kansa.

Kafin ka huda, duba inda soket da makunnin fitila suke. Wayar wuta yawanci miƙewa take yi sama ko ƙasa daga gare su, don haka ka kauce wa layinsu, ka kuma kashe wutar ɗakin. In bayan bangon banɗaki ne, akwai bututun ruwa.

Ƙusar siminti ba ta wannan aikin ba ce, komai tsawonta. Ƙaramin kai, irin na gada, fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, da sukuru mai kauri sun ishe shi. Babba kuma sai ƙusa mai noti wadda ke buɗewa a cikin rami in an ɗaure ta, mai kaurin milimita 8 ko 10. Bakin injin huda ya zama daidai da kaurinta, ramin ya ɗan fi ta zurfi, ka hure ƙurar ciki tas kafin ka cusa, don ƙura na hana ta kamawa. In kana ɗaurewa ka ji tana juyawa ba ta cizo, ramin ya lalace. Kada ka cika shi da tsinken ashana kamar yadda wasu ke yi. Matsa gefe ka huda sabo. Idan kuma bulon ruɓaɓɓe ne, mai yashi da yawa, huda shi har ya ɓulla ɗaya gefen, ka zura dogon ƙarfe mai noti, ka tare shi da farantin ƙarfe ta baya.

Ga kai mai nauyi ƙwarai, irin na ɓauna, dabarar da na fi yarda da ita ta katako biyu ce. Ka sa kafinta ya tsaga katako mai kauri a tsawonsa, a karkace, kusurwa 45. Rabi ɗaya a ɗaure shi a bango da ƙusoshi 3 ko 4, bakin karkatar yana duban sama ta wajen bango. Ɗaya rabin a ɗaure shi a bayan kan dabbar yana duban ƙasa. In aka sauke, sai su sarƙe, nauyin ya rarrabu. Ɗora filam irin na magina a kan na bangon kafin ka ƙarasa ɗaurewa, don in ya karkace ƙahonin za su tona asiri.

Kada ka ɗora dabbar tukuna. Zuba yashi a buhu, ninkin nauyinta, ka rataya ya kwana. Da safe duba ko filasta ta tsage ko ƙusa ta zamo. In lafiya, ku zama mutum biyu, da tsani mai ƙafa huɗu. A riƙe ta kafaɗa da gindin wuya, ban da kunne ko hanci, suna karyewa. Ku saki a hankali, hannu na kusa.

Wurin ma a zaɓe shi. Kada ya kasance a saman gado, ko kujera, ko inda yara ke wasa, kuma tsinin ƙaho ya wuce kan dogon mutum. Rana tana koɗar da gashi, hayaƙin kicin na ɓata shi, bango mai jan ruwa da damina yana sa fata ta yi fumfuna, ƙusa ta yi tsatsa. In daga wata ƙasa ka taho da shi, ka adana takardunsa, domin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji, ta sa sai da izini ake ƙetare iyaka da sassan dabbobi da yawa.

Bayan mako guda ka hau ka duba ko giɓi ya buɗe tsakanin saman katakon da bango, ka ƙara ɗaure notin in ya saki. Ka maimaita haka a ƙarshen kowace damina, da hunturu kuma ka riƙa share ƙura da burushi mai laushi, kana bin kwanciyar gashin.