Darasi na Bakwai: Ƙarfen da Ke Yarda da Lanƙwasa

Wanda ya taɓa zama a Maƙera Assada a Sakkwato ya san ƙarar da ƙarfe ke yi idan ya tsage a bakin lanƙwasa. Ƙaramar ƙara ce, amma kuɗi ne suka tafi. Sau da yawa akan zagi yaron shago, alhali tun a wajen saye aka yi kuskuren.

Fallen ƙarfe iri-iri ne, ko da kamanninsu ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne yawan sinadarin kabon da ke ciki. Mai ƙarancin kabon yana da taushi, shi ake yin ƙofa, murhu, baro da kurar ruwa da shi. Mai yawan kabon, irin sifirin mota, yana da tauri. Ya dace da wuƙa da gatari, amma in ka ce za ka lanƙwasa shi da sanyi, karyewa zai yi.

Sabon falle yakan zo ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Tambayi kaurinsa da milimita, ka kuma auna da kanka. Na hannun 'yan gwangwan ya fi araha, sai dai ba wanda zai gaya maka asalinsa, don haka gwada shi. Goga masa magagari: in ya ci da sauƙi, mai taushi ne, in yana zamewa, bar shi. Ko ka ɗora shi a injin gurza ka dubi tartsatsin. Dogon tartsatsi mai ƙarancin rassa alamar taushi ce, wanda ke fashewa kamar taurari kuwa kabon ya yi yawa. Wanda tsatsa ta ci har ta yi ramuka, kada arha ta ruɗe ka.

Yanzu ga abin da masu koyo da yawa ba su sani ba. Ƙarfe yana da zare. A masana'anta murza shi ake yi tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa, sai zarensa ya miƙe ta tsawon fallen. Ɗauki karan dawa ka gani: tsaga shi ta tsawo ba wuya. Haka ƙarfe yake. In layin lanƙwasarka ya bi zaren, bayan gwiwar, wato wurin da ya lanƙwashe, zai iya buɗewa. Sa layin ya gitta zaren. Tun wajen zana aikin da alli ake lura da wannan, kafin a yanka.

Kada ka matse gwiwar ta yi kaifi. Cikinta ya zama da ɗan zagaye, aƙalla daidai da kaurin fallen. Falle mai milimita 6 yana son zagaye fiye da mai milimita 2. Gefen da aka yanka kuma a goge shi ya yi sumul, domin daga ɗan ƙaramin tsini tsaga ke farawa. Gefen da aka yanka da wuta yakan ƙara tauri, shi ya fi bukatar gugar.

In fallen ya yi kauri, kai shi wuta. Zuga har layin ya yi ja sosai, sannan ka lanƙwasa. Idan jan ya dushe, mayar da shi wuta. Bugun ƙarfe lokacin da yake shuɗi-shuɗi yana sa shi gautsi. Bayan ka gama, kada ka tsoma shi a ruwa don sauri. Binne shi a toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Fallen da aka shafe da tutiya, irin kwanon rufi, ba a gasa shi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Aikin gobe: kowa ya zo da guntu biyu daga falle ɗaya, ɗaya a yanko ta tsawo, ɗaya ta faɗi. Za mu lanƙwasa su, mu dubi bayan kowace gwiwa a cikin hasken rana.